Huɗun Ƙeya

Hancina ne ya fara ji kafin idona ya gani. Ina shara a bakin shagon gyaran gashi, wata yarinya ta sauko daga mota ta wuce ni, iska ta biyo bayanta da wani wari da na sani. Warin ɗakin da aka kulle damina guda ba a buɗe ba. Na tsayar da tsintsiya na ce, "'Yan mata, kanki bai bushe ba." Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Iya, jiya fa na wanke shi." Na ce, "Shi ya sa." Ta shige ciki. Ta gilashi na hango ta zare mayafi, ga gashi nan igiya-igiya har kafaɗa, irin wanda yanzu suke kira dada, suke zama wuni guda ana murɗa musu. Mu a da gizo muke ce masa, kuma ba mai zuwa da mota a yi masa.

Wurin nan da nake shara, a nan na girma. Masu shagunan ba su sani ba, ni ma ban faɗa ba. Yanzu bene ne hawa biyu, shaguna a jere, an shafe ƙasa da bulo, janareto na kuka tun safe har a tashi. Da kuwa gida ɗaya ne tal a tsakiyar filin, mai jan kwano, ga maɗaci biyu a bakin ƙofa, ga mangwaro, ga lemon tsami a baya. Duk Nasarawa haka take. Sai ka yi tafiya mai nisa a cikin inuwa ba ka gamu da kowa ba sai mai gadi a kan benci da rediyonsa. Abin da kunne ke ji kaɗan ne: kukan kurciya, ƙararrawar keken mai burodi, ruwa na fita daga tiyo, da almakashin Babana, ƙyas, ƙyas, yana daidaita shingen fulawa. Kiran salla ma daga Gama yake zuwa mana, siriri, sai iska ta ga dama. Baba shi ke kula da shuke-shuken gidan Alhaji. Inna tana yi wa Hajiya wanki da guga. Mu uku muna ɗaki ɗaya a boskwata, daidai inda aka girke janareton nan.

Ni ce ta biyar a wurin Inna, ni kaɗai na tsaya. Huɗu sun riga ni zuwa, sun riga ni komawa, tun iyayena suna ƙauye. Da aka haife ni sai ake kirana Abarta, wai ko mutuwa za ta ji ta bar ni. An yi mini askin suna kamar kowa. Daga shi Inna ta ce an gama, aska ba ta ƙara hawa kan nan, mataji ma haka. Su huɗun duk ta gyara su tsaf, maza aski, mata kitso, aka ɗauke su. Wannan za ta bar ta yadda ba mai sha'awa. Gashina mai tauri ne, bai yi gardama ba. Kafin a yaye ni ya dunƙule, kafin in yi wayo ya zama igiyoyi. Baba ya ce camfi ne. Malamin da ke jan su salla a bakin titi shi ma ya ce camfi ne. Inna ta ce, "Na ji, Malam," ta ci gaba da abinta.

Amma kada a ɗauka sakin sa ta yi kamar na mahaukacin kasuwa. Ban taɓa ganin kan da aka sha wahala a kansa kamar nawa ba. Alhamis ce ranarsa, domin ran nan ba ta wankin gida. Alhamis ɗaya wanki, ta gaba shafa mai kawai. Tun yammacin Laraba take jiƙa karkashi, da safe ta tace shi sau biyu a tsohon ɗankwali, domin gari in ya shige cikin igiya ba ya fitowa. Ba ta farawa da asuba, ba ta farawa da yamma. Sai hantsi ya ɗaga, ta fito ta dubi sama tukuna, in ta ga hadari ta fasa. Ta kifa turmi a bayan ɗaki ta zaunar da ni. Sabulun salo take narkarwa a ruwa, ta bi fatar kai layi-layi da tsokar yatsa, ba da farce ba. Igiyoyin kuwa matsa su take kamar mai tatsar saniya, daga gindi zuwa baki. Sannan karkashi, mai sanyi, mai santsi, yana gangarowa ta bayan kunnena. Sannan ɗauraya, bokiti uku, huɗu, har sai ruwan da ke sauka ya fito garau kamar na sha. Ta matse da tsohon zane. Tawul ba ya taɓa kaina, ta ce yana barin zarensa a ciki. Daga nan sai wurin da na tsana, raba gindi. Igiyoyin da ke maƙwabtaka suna son haɗewa, sai ta kama biyu ta ja, in ji ɓarat har cikin haƙorina. In na yi kuka ta ce, "Rufe mini baki. In na bar su, wata rana za ki tashi da faifai a ka." Man kaɗe take narkarwa a murfin gwangwani, ta lakata da yatsa ɗaya, fatar kai kaɗai take shafawa. Man shanu ko kusa ba ya zuwa, ta ce a ciki yake tsami.

Duk wannan gajeren aiki ne. Dogon aikin shi ne rana. Ta shimfiɗa tabarma inda ba inuwa, in kwanta rub-da-ciki, ta baje igiyoyin ɗaya-ɗaya kamar mai shanyar kuɓewa. In na gaji da kwanciya in zauna in ba rana baya, ta turo mini gyaɗa in ɓare. Tun hantsi har la'asar. In na ce, "Inna, ai ya bushe," sai ta ɗauki igiya ɗaya ta matsa, ta ɗora a leɓenta na ƙasa, ta yi shiru. Ta ce hannu yana ruɗin mutum, leɓe ba ya ruɗi, in da sauran ruwa a ciki zai ji sanyi. Haka za ta bi su duka. In damina ce rana ta ƙi, sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa kajiji, ta sa ni in sunkuya a kai ta lulluɓa mini zane, ina tari tana cewa, "Saura kaɗan." Kaina ƙanshin hayaƙi da kajiji yake, ko yaushe.

Akwai huɗu a ƙeyata da suka fi sauran kauri. Su take bari ƙarshe, a wanki, a mai, a gwaji. In ta zo kansu hannunta yakan yi sanyi, in ji tana motsa baki ƙasa-ƙasa, kalma ɗaya a kan kowace. Na ɗauka addu'a ce. Ban tambaya ba. Inna ba macen da ake yi wa tambaya ba ce.

A cikin gida ba ni da damuwa. Waje ne matsala. In an aike ni cefane Gama, ko na ɗaura ɗankwali sai tudun ya nuna, yara su biyo ni, "Mai gizo! Mai gizo!" har da jifa da ƙwallon mangwaro. An sa ni makarantar allo, na yi wata biyu. 'Yan mata suka ƙi zama kusa da ni, wata ta ce aljanu ke yi mini kitso. Na rafka mata allo a goshi. Karatuna ke nan duka.

Shekarar da na fara azumi cikakke, da damina ta yi tsakiya, aka aiko kakata ta rasu a ƙauye. Dole Inna ta je. Hanyar garinmu sai an haye kogi a kwalekwale, ita kuwa ba za ta sa ni a kan ruwa ba ko za a yanka ta. Tun da aka haife ni ba mu taɓa rabuwa ba sai ran nan. Ta wanke mini kai ana gobe za ta tafi, ta busar da shi da kasko. Da za ta fita ta kama haɓata ta ce, "Kada ki taɓa shi. In ya yi ƙaiƙayi ki dafa da tafin hannu, kada ki sosa. Ana sadakar bakwai zan taho." Kogi ya cika ya batse a bayanta. Ta fi mako uku ba ta samu hayewa ba.

Ana nan Hajiya ta yi baƙi mata. Tunda Inna ba ta nan, ni aka kira in kai ruwan wanke hannu. Na durƙusa da buta da tasa a gaban wata mai haƙorin Makka. Ta dubi kaina ta janye zanenta, ta ce, "Hajiya, wannan kuma ana wanke mata kan nan kuwa? Kada dai ki bari tana taɓa abinci." Hajiya ta ce, "Haba, uwarta ta fi ni da ke tsafta." Na ji wannan ma, amma bai zauna ba. Maganar farko ce ta zauna.

Ran nan da magariba, lokacin da ba kowa a bayan gida, na ɗauko garin sabulun wankin Inna na tafi famfon da ke gindin lemo. Na zuba na cuɗa har kumfa ta rufe mini ido. Na ɗauraye sama-sama don kada a gan ni, na matse, na naɗe shi jiƙe, na ɗaure da ɗankwali biyu tamau. Washegari na sake. Jibi na sake. Na tsinci kwalbar man kitso da Hajiya ta yar, na kwashe ragowar na cusa a ciki don ƙanshi. Ɗankwalin kuwa ban ƙara cire shi ba, ko barci da shi nake. Tsafta nake nema, iyakar abin ke nan. Sama kuma kullum ruwa. Bayan mako ƙaiƙayi ya taso, na sa tsinken tsintsiya ina sosawa. Sai wari ya fara. Da na ji wari sai na ƙara yawan wankin. Ƙeyata ta fashe da ƙuraje suna ruwa, kaluluwa ta fito a bayan kunne, jikina ya ɗauki zafi.

Baba ne ya gano. Ina taya shi ɗaukar garwar ban ruwa, sai ƙafata ta ƙi, na zauna daɓas a cikin fulawa. Ya taɓa wuyana, ya kwance ɗankwalin, ya ja baya taku ɗaya yana salati. Ya je ta katanga ya kira Maman Rahila, mai dafa abinci a gidan da ke kusa da namu. Kirista ce daga kudancin Zariya, ta taɓa aiki a asibiti, duk layin ita ake kira in yaro ya ƙone ko ya yanke. Ta wanke mini ƙurajen da ruwan ɗumi da gishiri, ta shafa maganin nan mai launin shuni. Ta ce, "Malam, kan nan iska yake so. In ni ce, a aske." Baba ya ce, "Jumma'a in an sauko masallaci zan taho da wanzami." Ran Litinin ke nan. Na yi kuka har muryata ta dushe. Ba gashin nake wa kuka ba, na tsane shi. Amma ni ma na yarda raina a cikinsa yake. Na lissafa kwana huɗu suka rage mini.

Inna ta iso Talata da la'asar, taɓo har gwiwa, ƙunshi a ka. Tun daga bakin ƙofa ta tsaya. Ba ta sauke kayan ba ta ce, "Wa ya taɓa?"

Na ce, "Ni."

"Da me?"

Na nuna mata kwalin sabulun da kwalbar man. Ta dube su, ta dube ni. Na jira duka, bai zo ba. Ta sauke kaya, ta juya ni, ta ɗaga igiyoyin ƙeya ta daɗe tana kallo.

Baba ya shigo ya yi mata gaisuwar rashi. Bai zauna ba ya ce, "Jumma'a wanzami zai zo."

Ta ce, "Ba zai zo ba."

"Zai zo. Ke ba ki ga ƙeyar yarinyar nan ba? Huɗu na ɗauka a hannun nan na kai makabarta. Da gashi ke riƙe rai, da na bar musu nasu ya ja ƙasa. Wannan ciwo ne ido na gani. Ba zan zauna ya cinye ta saboda tsoronki ba."

Ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawon haka ba. Inna ta ce, "Malam, bar mini ita zuwa Jumma'ar. In ta zo ban gyara ba, ni da kaina zan riƙe masa kan."

Laraba Allah ya ba mu rana. Inna ta ɗora ruwa a wuta, ta jefa 'yar kanwa, ta sa ni na kwanta a kan benci kaina na reto, don kada ruwan ya taɓa ƙurajen. Ta tsoma igiyoyin a tasa tana matsawa. Ruwan farko ya fito kamar na kwata. Ta zubar ta sake, ta zubar ta sake, ban san sau nawa ba, har yatsunta suka yi fari suka yamutse. Na ƙarshe ta matsa lemon tsami a ciki. Ta kai ni jikin bangon kwano inda zafi ke dawowa, ta baje su. Da azahar hadari ya haɗo, ta mayar da ni ɗaki ta hura kasko. Hajiya ta ji labari ta aiko da fankar tebur da doguwar waya. Maman Rahila tana zuwa safe da yamma da kwalbar maganinta. In ta shigo sai ta ce, "Uwar gizo, ni dai ban san wanda ya fi tauri ba, kanki ko na 'yarki." Inna ta ce, "Shafa maganinki ki tafi, tuwon mutane na ƙonewa." Ta ce, "Ya ƙone. Su ma su san an yi rashin lafiya a layin nan."

Alhamis ma haka, rana, hayaƙi, fanka. Da la'asar Inna ta zaunar da ni a kan turmi ta fara gwaji. Ɗaya-ɗaya, ta matsa, ta sunsuna, ta ɗora a leɓe. Maman Rahila na tsaye da kwalba, Baba na can gefe yana ba lemo ruwa, wai shi ba ya kallo. Na gaba suka wuce, na tsakiya suka wuce. Ta zo huɗun ƙeya. Uku suka wuce. Ta huɗun ita ce mafi kauri duka, ta gefen hagu, kuma a kan babban ƙurjin take zaune. Inna ta matsa ta, wani ruwa mai duhu ya fito. Ta sa farce ta tsaga tsakiyarta. Cikin ya yi furfura da funfuna kamar burodin da aka manta a leda, gindin kuma rabi ya cinye.

Maman Rahila ta sunkuya ta duba. Wannan karon ba wasa a muryarta. Ta ce, "Wannan ta tafi, 'yar'uwa. In kin bar ta, ciwon ba zai rufe ba, kuma za ta ja sauran."

Inna ta ce, "Habu ne."

"Wa?"

Na ji yatsanta a ƙeyata yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya. "Wannan Habu. Wannan Sa'a. Wannan Ɗanjuma. Wannan Lami." Muryar nan ce dai ta ƙasa-ƙasa da nake ji tun ban san kaina ba, yau ce kawai ta fito fili. Ashe ba addu'a ba ce. 'Yan'uwana take kira, tana yi musu wanka, tana shafa musu mai, tana jira su bushe. Ta ce, "Shi ne babba. Shi ya fi daɗewa. Har ya fara ce mini Inna."

Na saci kallon Baba. Tiyo na hannunsa, ruwa na zuba a kan ƙafarsa, bai sani ba. Shi ma ran nan ya fara ji.

Jumma'a da hantsi ta ce in kira shi. Ya zo ya tsaya. Ta ce, "Malam, ara mini ƙaramin almakashinka." Ya je ya wanke shi da sabulu, ya gasa bakinsa a wuta, ya kawo. Ya ce, "Kawo in yi." Ta ce, "A'a. Ni na haife shi." Ta sunkuyar da kaina a kan cinyarta, ta yi bismilla. Sau uku almakashin ya ciza kafin ya raba. Na runtse ido ina jiran mutuwa. Na ji kurciya na kuka a kan maɗaci. Na ji mai burodi ya wuce. Na ji iska ta taɓa wani wuri a ƙeyata da iska ba ta taɓa taɓawa ba. Shi ke nan abin da ya faru.

Baba ya miƙa hannu biyu ta sa masa. Ya yago ƙyalle daga tsohuwar farar rigarsa ya naɗe. Ya tafi gindin lemo ya haƙa rami kamu ɗaya, ya gyara gefensa da tafin hannu, ya kwantar da shi yana duban gabas. Hannunsa ya saba. Da ya mayar da ƙasa ya daddaɓe, sai ya miƙe, bai dubi kowa ba, ya ce, "Har yanzu dai camfi ne."

Inna ta ce, "Na ji, Malam."

Ya tafi masallaci, ya dawo shi kaɗai.

Wunin ran nan Inna ba ta saki wuyan hannuna ba. Da hannu ɗaya ta yi girki, da hannu ɗaya ta ci. In za ta yi salla sai ta zaunar da ni a gefen tabarma inda za ta ji numfashina. Asabar ma haka. Lahadi da safe zazzaɓi ya sauka, na ce ina son ɗumame. Ta dube ni ina ci har na suɗe kwano, sannan ta buɗe yatsunta. Sawunsu ya kwana biyu a hannuna. Sai a lokacin ta tambaye ni dalili, na gaya mata maganar mai haƙorin Makka. Ta ce, "Ta sunsuna?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Can kuma ta ce, "In kin wanke, ki shanya. Kada ki ƙara rufe shi da ruwa don kunyar wani." Faɗan da ta yi mini ke nan duka.

Sauran labarin ba shi da tsawo. Da zan yi aure Inna da kanta ta yanke gizon, ta bar mini ukun ƙeya, sabon gashi ya fito aka yi mini kitso kamar kowace amarya. Na haifi shida, na binne biyu. Ban bar wa ko ɗaya gizo ba, ba ni da ƙarfin Inna. Baba ya rasu, Inna ta rasu, mijina ya rasu. Na yi ƙosai, na yi wankau, na yi aikatau a gidajen da ban iya ƙirgawa. Aka sayar da gidan Alhaji, aka sare maɗatan, aka tumɓuke lemon. Ina zaune a Tudun Murtala na ji ana neman mai shara a sabon benen, na zo, aka ɗauke ni. Gindin lemon yanzu wurin ajiye motoci ne, na ƙirga daga katanga na gane wurin. Daga nan nake fara shara kullum.

Yarinyar nan mai dada ta fito bayan an sa kanta a injin da ke hura iska mai zafi. Har ta kai mota sai ta dawo. Ta ce, "Iya, wai yaya aka yi kika sani?" Na ce, "Kamo ta ƙeya, wadda ta fi kauri. Matsa ta, ki ɗora a leɓenki." Ta yi dariya, amma ta yi. Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Da sanyi." Na ce, "Injin bayan yake busarwa. Je ki nemi rana, kada ki ɗaura komai sai sanyin nan ya tafi. Kuma ki rage mai." Ta ce, "Ke kuwa Iya, ina kika san dada?" Na ce, "Na taɓa gani." Na ci gaba da sharata.

Ranar Alhamis ba na zuwa aiki sai bayan la'asar, masu shagunan sun sani, sun gaji da tambaya. Karkashi yanzu sai na sa an nemo mini, kajiji ma haka. Nakan kifa turmi a bayan ɗakina, in dubi sama tukuna. Gashina ya ƙare, abin da ya saura fari ne fat, amma na ƙeya suna nan har ƙirji. Huɗu ne. Bayan arba'in ɗin Inna na daina sa mataji a gurbin nan na hagu. Wurin tabo ne, gashin kaɗan ne, ya shekara uku kafin ya kama. Ba Habu ba ne, Habu na da wurinsa. Nakan wanke su, in shafa mai, in ba rana baya, in kira su ƙasa-ƙasa. Sa'a. Ɗanjuma. Lami. Inna.

Tata ce siririya, ita ke riga sauran bushewa. Dama can ba ta son a jira ta. Nakan jawo ta in ɗora a leɓena, in ji ba sauran sanyi. Duk da haka nakan ɗan jima ban sauke ba.